Yadda Na Baro Baba a Jarwal

Tun da na dawo, ba na iya yin rabin yini a maƙera ba tare da wani ya tsuguna ya ce, "Alhaji Haruna, ba mu labarin Makka" ba. Na faɗa a kasuwar Haɗejiya, na faɗa a wurin suna, har na gaji da jin muryata. Kuma duk wanda ya ji sai ya kai gaba da ƙari: wai an kama Baba, wai ya ɓace a Arfa, wai ni na gudu na bar shi. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya. Mun tafi mu biyu, ni da mahaifina, na dawo ni kaɗai. Ga yadda aka yi.

Baba maƙeri ne, amma a garinmu an fi saninsa da wasa kaifi. Mahauta, wanzamai, teloli, duk wurinsa suke kawo abin da ya dakushe. Da yanar ido ta fara rufe masa gani sai ya bar mini wuta da guduma, ya koma gindin darbejiya da mawashinsa. Sannu a hankali mutane suka riƙa wuce shi suna kawo mini aikin, don tausayi, kada ya yanke hannu. Bayan rasuwar Inna ya sayar da shanunsa biyu ya ce Makka za shi. Yayata Hajara ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba, ta dube ni. A lokacin matata Talatu tana da cikin wata biyu, bayan ɓari biyu da ta yi a baya. Na lissafa cewa in muka tashi da kaka, muka yi sauri, zan iya dawowa kafin ta sauka. Tun daga ranar da muka bar gida, kwana nake ƙirgawa.

Kayan Baba jakar fata ce guda: mawashi biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, magagari uku, da wata tsohuwar fata ta goge aska. Na ɗaga na ji nauyi, na ce, "Baba, duwatsu za mu kai Makka? Ai an ce can duwatsu ne ko'ina."

Ya ce, "Ka ɗauki garinka da kilishinka. Wannan ni zan ɗauka."

Mota ta kai mu Yerwa, wata ta kai mu bakin kogi, muka haye zuwa Fallomi, babban birnin Chadi. A nan muka yi kwana tara muna jiran babbar motar da za ta yi gabas. Kullum direba ya ce gobe. Ni ina zirga-zirga tsakanin masauki da tasha har yaran mota suka san takuna. Baba kuwa ya sami inuwa kusa da mata masu sayar da busasshen kifi, ya shimfiɗa buzu. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma kafin kwana uku wuƙaƙen kasuwar duk sun biyo ta hannunsa, mu kuma kifi har ya ishe mu. Ranar da motar ta tashi da gaske, na zo da gudu na same shi da askar wani wanzami a hannu.

"Baba, mota ta cika, an ta da inji."

"Saura gefe ɗaya."

"Za su bar mu."

"In na ba shi haka, zai yanki kan mutum. Je ka ce su jira."

Ba su jira ba. Sai da na bi motar ina dukan ƙarfenta, Allah ya sa ta tsaya shan mai a bayan gari. Muka iske ta a can, ni riƙe da hannun Baba da kayanmu duka, ina haki. Ban yi masa magana ba har Abashe.

Daga Abashe zuwa iyakar Sudan yashi ne. Motar ta kafe, a sauko, a tona, a shimfiɗa faranten ƙarfe a ƙarƙashin tayoyi, ta yi taku goma, a ɗauko faranten a sake kai su gaba. Wata rana daga hantsi zuwa la'asar ba mu ɓace wa wata bishiya da gani ba. A Jinena, garin kan iyaka, aka tsare mu a karantina, aka yi mana lamba a damtse, aka zazzage kaya. Wani ma'aikaci dogo mai tsagar fuska uku-uku ya buɗe jakar Baba, ya ga magagarai da wuƙaƙe biyu da aka ba shi kyauta a Fallomi, ya ware jakar gefe. Na fara roƙo da 'yan kalmomin Larabcin da na tsinta a hanya, har na ce a bar masa kayan mu dai mu wuce. Baba ya matse mini hannu. Ya ji ƙarar almakashin da mutumin yake yanka takarda da shi, yana taunar takardar maimakon ya yanka. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi. Cikin ɗan lokaci ya mayar masa. Mutumin ya gwada a takarda, ya gwada a bakin hannun rigarsa, ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da wuƙaƙen matarsa huɗu. Aka mayar mana da jaka, amma mun rasa motar ranar.

Azumi ya same mu a Al-Ubayyid. Mutanen Sudan ba sa buɗa baki a cikin gida kamar mu. Kowa fito da tirensa yake kan titi, a shimfiɗa tabarmi, duk wanda ya zo wucewa a tare shi sai ya zauna. Akwai kisra, wani abu kamar sinasir amma siriri kamar takarda, da asida wadda tuwo ce dai da ba ta ji tuƙi ba, da wani jan abin sha mai zaƙi da ɗaci-ɗaci wanda ya sa na yi kewar kunun tsamiya. Abin da ya tayar mini da hankali a garin shi ne Hausawan da na gani. Unguwa guda, da gonakinsu da jikokinsu. Na tambayi wani dattijo Bakatsine yaushe ya zo. Ya ce tun yana saurayi. Na ce, to yaushe ya yi hajji? Ya ce, "Ai mu ma hanya muke." Da gaske yake faɗa, ba wasa. Washegari na je na yanki tikitin jirgin ƙasa, ban ko shawarci Baba ba.

Daga Hartum muka gangara bakin teku, muka yi jiran jirgin ruwa a Suwakin. Na teku ba zan ce komai ba, don kwance na haye shi ina amai, Baba ne yake ba ni ruwa a baki. A Jidda wakilin muɗawwafi, wato mai kula da alhazai, ya karɓe fasfunanmu ya ce sai ranar komawa. Aka zuba mu a mota da haraminmu zuwa Makka.

Muka shiga Harami, na ga Ka'aba. Baba ya ce, "Mun iso?" Na ce mun iso. Ya ce, "Ina ganin baƙi a tsakiyar fari. Ita ce?" Na ce ita ce. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce in riƙe shi mu yi ɗawafi.

Masaukinmu a Jarwal yake, tsohuwar unguwa mai hawa da gangara, inda 'yan ƙasarmu suka fi yawa. Can Takari ake ce mana. Mai gidan wata Hajiya Mairo ce, iyayenta Sakkwatawa, ita an haife ta a Sudan, ta girma a Makka. Hausarta rabi Larabci ce. Ta dube mu ta ce, "Ahlan, Baba Alhaji. Ɗaki guda ne, fauk, a sama. Ruwa sai an saya, kada ku yi wanka kamar kuna bakin gulbi." Mu bakwai muka kwana a ɗakin.

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Maza ne suke cefane, har albasa. Shayi a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, a yi ta zuba maka har ka girgiza kofin. Karin kumallo wake ne da aka dama da mai, a ci da wani faffaɗan burodi mai zafi. Agogonsu kuma da faɗuwar rana yake buga sha biyu, don haka sau biyu ina zuwa ofishin muɗawwafi in tarar an rufe. Kullum can nake, ina tambayar jirgin farko da zai koma bayan Arfa, alhali ko Arfar ba a hau ba. Har magatakardan ya riƙa ce mini, "Ya Hajji, ka zo ne ko ka zo tafiya?"

Kwana na uku da safe Baba ya ɗaga kai ya kasa kunne. Daga ƙasan lungu ana jin wani ƙara, ƙiii, ƙiii. Ya ce, "Wani yana ƙona ƙarfe. Kai ni."

Wani ɗan shago ne, cikinsa wani farin dattijo mai furfurar gashin baki, yana taka wani keke da ƙafa, dutse mai kamar faifai yana juyawa, tartsatsi yana tashi. Sunansa Usta Halil, Baturke ne da ya zo hajji shekaru da yawa ya zauna. Baba ya karɓi wuƙar da ya gama, ya bi bakinta da babban yatsa, ya shinshina, ya girgiza kai. Baturken ya ɓata rai. Hajiya Mairo tana dawowa daga gidan burodi, ta tsaya ta zama tafinta.

Baba ya ce, "Gaya masa dutsensa yana da kyau, amma yana barin ƙarfe ya yi zafi. In baki ya yi shuɗi, ya mutu. Rago biyu za ta yanka ta kwanta."

Ta faɗa masa. Ya yi magana mai tsawo yana nuna layin mahautan da ke jira. Ta ce, "Wai mutum ɗari ke jiransa kafin layya, ba shi da wakacin shafa wuƙa kamar amarya."

Baba ya sa na samo gwangwani, ya huda gindinsa da ƙusa, muka rataye shi a saman dutsen yana ɗigar da ruwa. Sannan ya zauna a bakin ƙofa, ya fito da mawashinsa mai laushi. Usta ya fitar da baki a keke, ya miƙo, Baba ya ƙarasa a dutse, ya goge a fata, ya gwada a gashin hannunsa. Kafin azahar hannun Baba na hagu ya zama fes kamar na jariri. Daga ranar, in gari ya waye sai ya ce in kai shi shago. Na ce masa mun zo ibada ne. Ya ce salla biyar a Harami yake yi, tsakaninsu kuma me zai zauna yi a ɗaki, ya saurari tarin mutane?

Wata la'asar aiki ya yi sauƙi, Usta ya ciro wani hoto daga aljihu ya nuna mini. Wani saurayi ne a tsaye a kan farin tudu, an ɗaura masa dogayen katakai biyu a ƙafa, da sanda biyu a hannu. Hajiya Mairo tana nan ta kawo wuƙar kicin. Ta ce ɗan ƙanensa ne, a ƙasarsu. Wai can da sanyi ƙanƙara tana zuba kamar gari har ta binne hanya, sai mutane su hau waɗannan katakai su zame daga kan dutse zuwa ƙasa, sun fi doki gudu. Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Baba bai yi dariya ba. Ya ce a tambaye shi yaya suke tsayawa.

Usta ya tashi tsaye yana karkata gwiwa. Ta ce, "Wai akwai siririn ƙarfe a gefen kowane katako, daga kai har gindi. In mutum ya karkata, ƙarfen ne yake cizon ƙanƙara. Kafin sanyi ya shigo, kowa zai sauko da nasa a gida, ya ɗaure a kan benci, ya bi gefen da magagari, ya bi da dutse, ya shafa wa cikin katakon kakin zuma. In ƙarfen ya dakushe, mutum sai ya wuce cikin rami."

Baba ya matso. "Bakin siriri ne kamar na wuƙa?"

Ta tambaye shi, ta ce, "La, a'a. Wai a tsaye yake, kamar kusurwar bulo."

Baba ya sunkuya. Sannan ya lalubo wani guntun ƙarfen ɗaurin akwati a ƙasa, ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya kwantar da magagari ya ja sau da yawa ta gefe ɗaya, ya juya ya bi ta sama, ya share ƙaiƙayin da mawashi. Ya miƙa wa Usta. Baturken ya goga farcensa a kusurwar, farin gari ya fito. Ya kama kan Baba ya sumbata, yana ta magana da yarensu.

Ranar a hanyar masallaci Baba ya ce mini, "Shekara hamsin ina wasa abin yanka. Ashe akwai kaifin da ba na yanka ba ne, na riƙe mutum ne kada ya faɗi. Da na mutu a gindin darbejiya ban ji wannan ba." Ni a lokacin hankalina yana kan jirgi, na ce masa to.

Muka fita Mina, muka hau Arfa cikin zafin da ban taɓa jin irinsa ba. Na yi wa Talatu addu'a har muryata ta dushe. Wurin jifa na goya Baba a baya saboda turmutsitsi. Wanzamin da ya aske mu, ɗan Damagaram ne, da ya ɗora aska a kan Baba sai Baba ya ce, "Wannan ni na wasa ta." Wanzamin ya duba ƙotar ya ce haka ne.

Kwana shida bayan saukowa magatakarda ya ce sunanmu ya fito, jibi mota za ta kai mu Jidda. Na zo shago da murna na faɗa. Baba bai ɗago daga dutse ba. Ya ce, "Allah ya kai ka lafiya."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Mu dai, Baba."

"Kai dai. Ni na zauna."

Na tsuguna a gabansa. Na ce ba shi da igama, takardar zama, askarawa suna kamen waɗanda suka ƙi komawa. Na ce idonsa. Na ce me zan gaya wa Yaya Hajara? Na ce jikansa yana hanya. Duk ya saurara, hannunsa bai tsaya ba.

Ya ce, "Haruna, a gida ni mene ne? Tsoho ne da ake kai wa tuwo. Kai kanka in ka ga na ɗauki wuƙa gabanka faɗuwa yake. A nan kuwa da safe mutane suna tsayuwa a layi, ba wanda ya san da ina gani. Kuma in ladan ya kira, taku ɗari biyar ne."

"In aka kama ka fa?"

"Sai su kawo ni gida a jirginsu. Ka huta da ɗaukata."

Raina ya ɓaci. Na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce wata biyar na bar mace da ciki saboda shi, na tura mota a yashi, na goya shi a Mina, ashe tun farko ya san ba zai koma ba. Ya ce bai sani ba sai da ya zo. Na tashi na tafi wurin Hajiya Mairo ko za ta taya ni roƙonsa. Tana tankaɗe, ba ta ko tsaya ba. Ta ce, "Ya waladi, na ga irinsa da yawa. In ka ɗauke shi da ƙarfi, a Suwakin za ka binne shi. Akwai ɗan ɗaki a bayan shagon Usta, abinci kuma daga tukunyata. Askar ba sa bin tsoho makaho, matasa suke nema. Halas, shi ke nan, ka je wurin matarka."

Kwana biyun nan ban zauna wuri ɗaya ba. Na je Harami, na dawo, na je ofis na ce a cire sunana, kafin magatakarda ya ɗauki alƙalami na ce a bar shi. In na tuna Talatu sai in ji kamar in kama hanya da ƙafa. In na dubi Baba yana laluben takalminsa sai in ce ba inda za ni.

Ranar tafiya da hantsi na zo shago da kayana. Na durƙusa na ce ya yafe mini maganar da na yi. Ya ce ya yafe, ni ma in yafe masa wahalar hanya. Ya dafa kaina, sabon aski, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Ya ce in gaya wa Hajara kada ta yi kuka da yawa, in gaya wa mahautan Haɗejiya su daina wasa wuƙa a bakin rijiya, suna ɓata dutsen. Wani mai dafa abinci ya iso da wuƙaƙe a ƙunshe cikin tsumma, ya tsaya yana jira. Baba ya ce, "Tashi, kana tare wa mutum hanya." Na tashi. Da na kai kwanar lungu na waiwaya, ya riga ya sunkuya.

Komowa ta fi zuwa sauri, amma duk da haka ruwan sama ya riga ni, mota ta kafe a laka kwana huɗu bayan Fallomi. Na tarar Talatu ta sauka lafiya, mace, har an yi suna. Yaya Hajara ta tare ni a zaure, ta leƙa bayana, ta sake leƙawa. Na faɗa mata duka a tsaye. Ta yi wata biyu ba ta shiga gidana ba. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma wanda ya ce na yi kuskure ba na musu da shi.

Shekara biyu ke nan. Duk lokacin da alhazai suka fara dawowa, ba na iya aiki, tasha nake wuni ina tambaya. Yawancinsu ba su ma san inda Jarwal take ba. Sai bana wani tela ɗan Kafin Hausa ya ce almakashinsa ya dakushe a Makka, aka kwatanta masa wani shago. Ya tarar da wani tsoho Bahaushe makaho da wani farin dattijo suna ta gardama a kan almakashin nasa, wannan da Hausa, wancan da wani yare, ba mai jin wani, har ya kusa rasa azahar.

Na ce, "Tsohon ya rame?"

Ya ce bai rame ba.

Na ce, "To wa ya ci gardamar?"

Ya ciro almakashin daga aljihu, ya kama bakin rawaninsa ya yanka, zaren ko ɗaya bai ja ba. Ya ce, "Tsohon."